Kujerar da Ta Yi Majaujawa da Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko na so ma 'yan Makera ba za su bar ni ba. Har yau in na wuce majalisa sai wani ya ce, "Injiniya Hajijiya, ya aiki?" Na gaji da amsawa, hannu kawai nake ɗagawa.

Ina koyon walda a shagon Oga Bulus a Kudenda, kuma ina neman Hauwa. Babanta, Alhaji Sabo mai hatsi, magana ɗaya yake maimaitawa: "Yaron nan ba shi da sana'a, surutu gare shi." (Rabin maganar gaskiya ce, amma ba a wannan muke ba.) Da abokina Danjuma zai buɗe shagon aski a layin su Alhaji, sai na ce ni zan haɗa masa kujera, irin wadda ake juyawa ta yi sama, a juya ta yi ƙasa. So nake Alhaji ya zauna a kan sana'ata ya gani.

Sirrin kujerar sandar ƙarfe ce mai tiredi, zanen nan da ke zagaye jikin noti. Na samo biyu wajen 'yan gwangwan. Ɗaya ta tsohon jak ɗin ɗaga mota ce, zanenta kusa-kusa, sai ka juya ka gaji kafin ta ɗaga. Ɗayar daga injin wata matacciyar masana'anta aka ciro ta, zanenta a miƙe, juyi uku ta kai ƙarshe.

Oga Bulus ya ce, "Ɗauki ta jak. Ba ta da sauri, amma in nauyi ya hau, tana riƙewa. Waccan komawa take yi."

Na ce, "Oga, ai zamani ya wuce jan ƙafa."

Ya ce, "To, Injiniya." Ya sa baƙin gilashinsa ya ci gaba da aiki.

Mai saurin na sa. Na gwada fa, kar ku ce ban gwada ba. Amma da kaina na gwada, ni da iska ke kaɗawa, kuma lokacin tsatsa na riƙe da sandar. Da safen buɗe shago sai na lafta mata giris, wai kar ta yi ƙara ta kunyata ni.

Alhaji ya zo shi ne na farko. Mutum ne gajere, amma Allah Ya yi albarka a faɗin. Tun kafin ya cire hula na durƙusa na ce, "Baba, barka da zuwa. Kujerar nan aikina ce, daga sama har ƙasa." Ba wanda ya tambaye ni.

Danjuma ya juya ta sama, ya riƙe bayanta Alhaji ya hau ya ɗora ƙafa a matakin. Danjuma ya sa kilifar aski ya ja layi ɗaya a tsakiyar kan Alhaji. Sai ya saki kujerar zai ɗauko buroshi.

Ta fara juyawa a hankali, kamar mai jin kunya. Sai ta ɗauki wuta. Na ga ƙeyar Alhaji, na ga fuska, na ga ƙeya, na ga fuska, mayafin aski na tashi kamar fanka. Duk zuwan fuskar ni take kallo. "Innalillahi! Danjuma! Kai, riƙe ni!" Danjuma na bin sa a zagaye da kilifa a hannu, yana "Sannu Baba, sannu Baba." Kujera ta dire ƙasa, ƙum. Maman Grace mai awara ta leƙo ta ce, "A'a Alhaji, nan ma lilo ake yi?"

Ya miƙe yana dafa bango, ya kife hula a kan layin nan guda. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Koma wajen oganka. Ranar da shi ya ce ka iya, ka turo manyanka. Shi fa, ba kai ba."

Wata na bakwai ke nan ina jiran bakin Oga Bulus. Kullum amsarsa, "Saura kaɗan, Injiniya." Hauwa kuwa in na kira, dariya ce ke fara gaishe ni.

Na canza sandar, na sa ta jak. Danjuma na mita wai hannunsa na ciwo kafin ta ɗaga. Na ce ya yi ta ciwo. Ni dai yanzu duk abin da ya cika saurin hawa tsoronsa nake ji, kuma komai na haɗa sai na aza masa buhun masara biyu kafin na buɗe baki na ce aikina ne.