Ranar da Na Gasa Injin Kawu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na gasa injin Kawu Yohanna a tanderun gurasa.

Lokacin ban daɗe da buɗe shagon naɗin koyil, wato sake naɗe wayar injinan da suka ƙone, a Ɗanbatta ba, ina ganin duk ƙasar Kano ba mai kai irin nawa. Har wata na'urar naɗe waya na haɗa da fedar keke (tana aiki kuwa, kada ku fara dariya tun yanzu). Ana tsakiyar bazara injin ban ruwan Kawu ya ƙone. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwarta, kuma lambun albasarsa da ke wajen Bagwai shi ne abincin gidansa na shekara. Albasa ta fara girma, ga rana ba sauƙi.

Ya ce Kano zai kai injin. Na ce, "Haba Kawu, ina raye za a kai aikin gida waje?" Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗora mini shi a bayan babur.

A cikin irin wannan inji akwai wani zoben ƙarfe mai ramuka wanda ba ya juyawa. A ramukan ake shimfiɗa wata takarda ta musamman, a cusa wayar jan ƙarfe, a kwarara mata wani ruwa mai danƙo da ake kira banish don ya riƙe ta. Naɗin kam na yi shi tsaf. Saura bushewa. Maigidana da ya koya mini sana'ar a rana yake shanya shi kwana da kwanaki, ni kuwa na san albasa ba za ta jira ba. Nan basirar tawa ta motsa.

Gwaggo Saratu, matar Kawu, gurasa take yi. Na same ta ta gama kwashe ta ƙarshe, garwashi na nan jajur. Ta ce, "Ɗan nan, ƙarfe kuma a tanderu?" Na ce, "Gwaggo, a manyan masana'antu ma gasa shi ake yi." (Wannan gaskiya ne. Abin da ban faɗa mata ba, su suna da na'urar auna zafi, ni kuwa tafin hannuna kawai gare ni.) Na cusa zoben a tanderun, ya fito yana sheƙi, ya bushe ƙayau. Na ga bakin takardar ya ɗan yi baƙi, na ce ai ado ne.

Maimakon in gwada shi a ɓoye, sai na bari ranar Lahadi da aka tashi daga majami'a na shelanta cewa na ƙirƙiro sabuwar hanya. Jama'a suka biyo ni lambu, har da fasto. Na yi jawabi, wallahi na yi, har da cewa nan gaba daga Kano za a riƙa zuwa koyo. Aka tayar da janareta. Injin ya yi gurnani, ruwa ya ɗan tsirto, sai wata ƙara, sai hayaƙi mai wari ya turnuƙe mu. Takardar ta riga ta toye tun a tanderu, wayar ta haɗu da ƙarfe.

Sai wata tsohuwa ta ce, "An gama ke nan, mu tafi?" Na ji kamar in nutse a ƙasa.

Kawu bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Sannu da ƙoƙari," ya tuɓe rigarsa ta zuwa majami'a, ya ɗauki guga. Muka yi ta jan ruwa da hannu har tafukanmu suka fashe. Dole aka kai injin Kano, kafin ya dawo ganye ya kwanta, kunyoyin da ke bakin rijiya kaɗai suka tsira. A shekarar, da furfurarsa, Kawu ya tafi birni yin dako.

Har yau ina ƙirƙire-ƙirƙirena, ban daina ba. Sai dai duk dabarar da ta zo mini, a kan tsohuwar fankar ɗakina nake fara gwada ta. In ta ƙone, ni kaɗai zan kwana da gumi, ba wanda zai kwana da yunwa.