Tofin da Na Yi wa Ƙarfe

Mako uku ina goge guntun ƙarfe a ɗakin binciken jami'a, har ya zama madubi. Ranar da zan sa shi a na'urar da ke haska saman ƙarfe ta faɗi sinadaran da ke kai, sai na tofa masa addu'a, yadda Baba ya saba yi mana a Kusada.

Na'ura ta nuna gishiri. Na tabbata na gano abin da ya gagari Turawa. Na kira gida, Baba ya yanka zakara.

Malamata ta daɗe tana duban sakamakon, sannan ta ce, "Malam, wannan ai miyau ne."

Har yau in na je gida, taubasaina sukan miƙo mini fartanya su ce, "Dakta, a tofa mata, ta yi tsatsa."