Maganin Aradu a Ƙugun Ɗan Fari

Ba zan taɓa mantawa da daminar bara waccan ba, wadda ruwa ya dawo mana bayan shekarun fari, kowa na murna ni ina zullumi. A shekarar na yi haihuwar fari, kuma ni tun ina yarinya a Gagarawa nake tsoron aradu. A kan idona ta taɓa faɗo wa wata tsamiya a bayan gidanmu, ta tsaga ta biyu, ta kashe awakin da suka fake a gindinta. Tun daga ranar, in hadari ya haɗo daga gabas, sai in shige ɗaki in toshe kunne.

Ga shi kuma ɗan fari ne. Kun dai san al'ada, ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka a gaban surukai sai ki kau da kai kamar ɗan maƙwabta. Nawa ma abin ya zama biyu, don sunan mahaifin maigidana aka sa masa. Na kuwa iya kunyar nan har ana misali da ni. Surukata, Inna, takan ce wa mutane, "Yarinyar nan akwai kawaici, ko kallonsa ba ta yi." (Ba ta san in mun kaɗaita nakan kara kunnena a hancinsa in ji ko yana numfashi ba.)

Maigidana ma'aikacin gidan waya ne a nan Gumel. Shi ke hawa falwaya yana gyaran layin tarho, kuma da damina aikinsa ya fi yawa. Wata rana da hantsi ya zazzage jakarsa a kan tabarma yana ware kaya, ni kuma ina shara, sai na hangi wasu 'yan mitsi-mitsin kwalabe, kowacce ba ta kai dabino ba, da ƙarfe a kai da gindi.

"Malam, waɗannan fa? Kamar duwatsun wuya."

"Aresta ke nan," in ji shi. "Shi ke tsare tarho daga aradu."

Na jingine tsintsiya na matso. Ya ce gas ne aka ɗura a ciki. Kullum yana zaune shiru a jikin layi, magana na wucewa ba ya tankawa. Amma ranar da aradu ta faɗa kan waya, wutar ta biyo ta da ƙarfi, sai gas ɗin ya kama, ya karɓe ta kafin ta ƙone tarho ko ta taɓa wanda ya kara shi a kunne. Ya ci gaba da bayani, har da zancen wata waya da ake binnewa a ƙasa, amma ni tun daga "ya karɓe ta" kunnena ya rufe. (Da ma aji biyu na yi a elementare, kuma malaminmu ya sha faɗa cewa rabin magana nake cafkewa in gudu da ita.)

Kashi biyu Malam ya yi wa kwalaben. Masu ƙyalli ya mayar jaka, waɗanda suka yi baƙi ya zuba a gwangwanin madara. Na tambaye shi me ya baƙanta su.

"Waɗannan sun gamu da ita," ya ce, ya ɗauki kekensa ya fita.

Sai na zauna na yi tunani irin nawa. Sabon aresta bai taɓa ganin aradu ba, wa ya san ko zai tsorata? Amma wanda ya yi baƙin nan ai ya yi kokawa da ita, ga shi nan lafiyarsa ƙalau, ko tsagewa bai yi ba. Na sa hannu na zaɓi wanda ya fi kowanne baƙi, na ɗinke shi a ƙyallen atamfa kamar laya, na ɗaura wa yaron a ƙugu. Ban tambayi Malam ba, don ko a gabansa ba na nuna na damu da yaron. Tun daga ranar kuwa hankalina ya kwanta. A yi ta tsawa, ni ina tankaɗe ina 'yar waƙata.

Ana nan sai Yaya Hajara, yayar maigidan, ta haihu a Maigatari, muka hau motar kasuwa muka tafi suna. Gida ya cika da dangin miji, har da na garin Sule Tankarkar da waɗanda suka tsallako daga Nijar. Da isarmu na kwance goyo na miƙa wa Inna ba tare da na dube shi ba, na ji wata tsohuwa tana cewa, "Madalla da 'yar mutunci." Kaina ya ƙara girma.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Aka kwashe ƙoren tuwo, mata muka dunguma ɗakin mai jego, maza suka cika zaure. Da aka saki tsawar farko, iyaye suka rarumi 'ya'yansu ana salati. Ni kaɗai na zauna daram ina ɓare gyaɗa, har ina ba ta kusa da ni haƙuri, wai ta daina firgita, komai na Allah ne.

Abin da na manta shi ne, yaron ya sha nono ya ƙoshi. Sai ji na yi Inna ta ce, "Kun gan shi, ya jiƙa ni sharkaf. Miƙo mini tsumma." Kafin in yunƙura ta ɗage rigarsa. Hannunta ya tsaya a ƙugunsa.

"Wannan fa?"

Ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta warware ƙyallen, ɗan baƙin arestan nan ya faɗo tafin hannunta. Ba rubutu, ba sassaƙe, ba abin da wata a ɗakin ta taɓa gani. Wata ta ce irin na bokayen Damagaram ne. Wata ta ce kada a jijjiga shi.

"Ke nake tambaya," in ji Inna, muryarta a ƙasa. "Wa ya ba ki wannan kika ɗaura wa jikana?"

To ku duba tsaka mai wuyar da na shiga. In na yi shiru, na zama mai bin bokaye da jikan mutane. In na yi magana, sai in faɗa da bakina, a gaban dangin miji kaf, cewa tsoron kada wani abu ya sami ɗan farina ne ya hana ni sukuni. Na ƙura wa ɓawon gyaɗa ido.

Inna ta leƙa ta kira Ilu, ƙanin maigidana, dillalin shanu, mai bakin da ba ya rufuwa, abokin wasana kuma. Ta ce ya kai wa malaman da ke zaure su duba. Ya rufa buhu a ka ya ruga. Ba a jima ba muka ji zaure ya ɗauki dariya, har ta danne ƙarar ruwan, kuma a ciki na tsinkayi ta Malam.

Ilu ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya haɗe fuska kamar mai kawo saƙon gaisuwar mutuwa.

"Inna, an duba. Ba ta boka ba ce, layar gwamnati ce. Yaya ya ce maganin aradu ne, amma na tarho."

"Na me?"

"Na tarho. Ya ce yana aiki ƙwarai, sai dai da sharaɗi. Dole a ɗaura wa yaron waya a kunne a kai ta kan falwaya, sannan a haƙa rami a binne ƙafarsa guda a ƙasa mai laima, don wutar ta sami inda za ta bi ta wuce. In matarmu ta amince, ga ni da fartanya."

Mata suka fara ƙyaƙyatawa. Ya ɗaga hannu, wai bai gama ba.

"Sannan wannan da ta zaɓa matacce ne, tun farkon damina aradu ta gama da shi. Yaya ya ce da ma yana ta mamakin wa ke masa ɓarna a gwangwanin madarar da yake tara na zubarwa."

Har mai jego sai da ta riƙe ciki tana roƙon a bari. Tsohuwar da ta yaba mini ɗazu ta ce, "Au, ashe kawaicin na ido ne, ƙugu kuma an yi masa katanga." Ni dai na ja mayafi na rufe fuska, ina fatan a ce ni za a binne a ramin Ilu.

Inna ba ta yi dariya sosai ba. Da ruwa ya tsagaita za mu tafi, ita da kanta ta ɗora mini yaron a baya, tana gyara zanen goyo ta cusa mini ɗan arestan a hannu.

"Riƙe abinki," ta ce a hankali. "Shi wancan mai dariyar a zaure, yana jariri tsohon makulli na ɗaura masa don kada mayu su buɗe shi. Amma ni a cikin hula na ɗinke."

Yanzu yaron yana gudu ko'ina, kuma duk dangi ba mai kiransa sai da Tarho. Abin ya ma yi mini daɗi ta wani gefen, don wannan sunan ina iya faɗarsa a gaban kowa. Ilu kuwa har yau in ya ga hadari sai ya aiko a tambaye ni ko a zo da fartanya. Na dai koyi abu biyu. In miji na bayani, in bari ya kai ƙarshe kafin in ɗauki allura. Kuma in uwa za ta ɓoye son ɗanta, ta nemi wani wurin, ban da inda ake buɗewa duk sa'ad da ya yi fitsari.