Zabuwar Dajin da Na Kai wa Surukata

Ina so a rubuta a ajiye: duk abin da ya kwana a daji, na daji ne. Hujjata ke nan tun farkon mulkin kai, kuma ban janye ba.

Lokacin ina neman auren Hanne a Tsiga. Na yi aji huɗu a elementare, da fensir a bayan kunne nake yawo, saboda haka babu tsuntsun da ya isa ya ruɗe ni. Wata damina zan je gaida mahaifiyarta, Inna Dije, sai na hango zabuwa kwance cikin sabara a bayan gari. Na ce wannan ta daji ce, dubi yadda take zare ido. Na kai mata gora, na yanka, na kwashe ƙwanta a hulata.

Na durƙusa a tsakar gida na ce, "Inna, ga ɗan abin da na farauto."

Ta juya zabuwar, ta ɗaga ƙafarta. Sai ga jan zare a ɗaure.

"Sannu, Malam ɗan boko," in ji ta. "Sati biyu ina neman inda take zuwa yin ƙwai. Zaren nawa ma a dajin ta tsinto?"

Matan gidan suka fashe da dariya. Na ce, "Inna, ai ita ta bar gida."

An dai ba ni Hanne, bayan na nome gonar gyaɗar Inna ni kaɗai. Amma har yau Sarkin Baka suke kirana a Tsiga. Hanne kuwa, da furfurarta, in ta ga na ɗauki sanda sai ta ce, "Sarkin Baka, a yi hattara, waccan akuyar ta gida ce."