Haddar Japananci a Gaban Sensei

Ba zan taɓa mantawa ba (abokan zamana na unguwar Hay el-Sabi' a Alƙahira ma ba za su bar ni in manta ba) da ranar da na yi jarrabawar baka ta Japananci a bazarar 2014.

Karatun addini ne ya kai ni Alƙahira, amma ƙwalama ta kai ni wata cibiyar koyon harsuna da ke bai wa ɗaliban Afirka gurbin kyauta. Sharaɗin ɗaya ne, idan ka faɗi jarrabawar baka a bai wa wani kujerarka. Ni kuwa tuni na shelanta wa mutanen gida a waya cewa tafinta zan zama, babu wanda bai ji ba a danginmu.

Japananci yana da mugun hali. Kalma tana da zanenta, wanda suke kira kanji, zanen kuma karatunsa ya fi ɗaya. Ɗauki "nomu", wato sha. Ga zanensa, 飲, gefe ɗaya kamar rumbu, ɗaya gefen kamar mutum ya wage baki. A cikin "nomu" ana karanta shi "no", idan ya haɗu da wani zanen sai ya rikiɗe ya koma "in".

Ni da na yi hadda tun ina ƙarami, sai na raina abin. Na jera kalmomin na bi su yadda na saba, daga sama zuwa ƙasa, da ƙarfi, ina rangaji. Isufu, ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, ya ba ni shawara in riƙa tsinto su daga tsakiya. Na ce masa wanda bai san hadda ba ya yi mana shiru.

Ranar jarrabawa ɗaya bayan ɗaya ake kiranmu gaban aji. Sensei, malamarmu, 'yar siririya ce da ke murmushi ko da kayar da kai za ta yi. Ta ɗaga kati, sai ga zanen nan. Wallahi na san shi. Na ga rumbun, na ga mai wage bakin, amma bakina ya ƙi motsi, don kaina ba ya buɗewa daga tsakiya. A daidai lokacin aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, aji ya yi tsit. Gumi ya jiƙa mini riga. Sensei ta dubi agogonta.

Sai na rufe ido na faro daga sama. Iku, kuru, miru... Ban san na fara rangaji ba, ban san na ɗora hannu a kunne ba. Murya ta tashi, ina jan madda inda babu madda (har gunna na sa, Allah ya yafe mini). A haka na gangaro na iso "nomu", na faɗi karatunsa biyun daidai.

Daga bayan aji wani Bamisire ya ce, "Allah, ya Sheikh! Allah!" irin yadda suke yi wa makarancin da ya burge su. Na buɗe ido na tarar rabin aji sun kifa kai a kan tebur, kafaɗu na rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sensei ba ta yi dariya ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Cikin taushin murya ta tambaye ni da Japananci abin da na sha da safe. Na fahimci tambayar sarai, shayi na sha. Amma wannan jimlar ba ta cikin haddata. Na tsaya ina kallonta tana kallona, har ta ɗan rusuna ta yi mini godiya.

Wata 'yar Iritiriya aka bai wa kujerata. Da na ba Isufu labari ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗan'uwa, khalas, shi ke nan ya wuce," sannan ya fita baranda na jiyo yana ƙyaƙyatawa. Mutanen gida kuma har yanzu wasu Tafinta suke kira na.

Na dai koyi cewa ba kowane karatu ake yi wa rangaji ba. Har gobe zan zubo maka kalmomin nan babu gargada, amma idan Bajapane ya tambaye ni ko zan sha ruwa, sai dai ya samu wuri ya zauna in faro daga sama.