Yadda Za Ka Tabbatar Duk Aji Ya Gane Rabi da Kwata

Kai malamin jami'a da ƙarin girma ya maƙale maka saboda rashin bincike, share hawayenka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin sakamako mai kyau, yara su gane ko kar su gane.

1. Zaɓi makaranta

Ɗauki firamaren bayan gidanka, inda 'yarka Auta take aji biyar. A takarda ka rubuta cewa ka zaɓe ta ne "bisa ƙa'idar kimiyya". Kusa da gida ma ƙa'ida ce.

2. Raɗa wa dabararka suna

Dabarar dai yanka kwali ce da almakashi, a nuna wa yara rabi da kwata. Kar ka kuskura ka faɗe ta haka. Laƙaba mata suna mai layi biyu, wanda kai kanka sai ka leƙa takarda kafin ka furta.

3. Ce wa malamin aji ya "shirya yara"

Ban da dogon bayani. Gaya masa kawai gobe za ka zo da kyamara da shugaban sashenku. Shi ya san sauran aikin: masu kaifin kai su dawo bencin gaba, masu jinkirin ɗauka a ba su tsintsiya su share bayan aji. In ka ga benci biyu ba kowa, yaba iskar da ɗakin ke samu.

4. Tattara hujja

Bayan an yanka kwali, tambaya: "Kun gane?" Za su ce "Eee" har kwanon rufi ya amsa. Ƙirga duk hannun da ya tashi, ko ta taga ka hango shi. Masani ba ya duba fuska. Rubuta cewa kowa ya gane. Malami zai tsallake zuwa darasi na gaba da murnarsa. Wa zai maimaita abin da jami'a ta tabbatar?

5. Kare bincikenka a gida

Nan ne manyan masana ke zamewa. Kana tsakiyar cin abinci, maman yara za ta zauna gabanka.

"Baban Auta, jarrabawa ta matso, yarinyar nan har yau cewa take kwata ya fi rabi, wai ai huɗu ya fi biyu."

Ka ce, "Ajinsu duka sun gane. An ma buga."

Auta za ta leƙo daga bakin ƙofa. "Baba, ranar da kuka zo, ni shara aka sa ni. Na yi ta ɗaga maka hannu ta taga."

Kar ka ƙware. Sha ruwa a hankali. Hannun nan yana shafi na tara, cikin waɗanda suka gane.

Hattara

Babu ruwan marubuci da jan biro a takardar Auta, ko kallon da maman yara za ta riƙa yi maka ranar walimar ƙarin girma. In yarinyar ta faɗi, ita ce ta saɓa wa sakamakon bincike.