Gwiwoyin Garkuwan Matasa

Duk wanda ya ce Dutse ba ta da manyan mutane bai taɓa ganin Alhaji Muntaka yana fitowa daga mota ba. Abu ne da ake tsayawa a kalla. Ƙofa za ta buɗe, takalmi ya leƙo, sai babbar riga, sai tumbi, can daga baya shi kansa ya iso. Ma'aikatansa suna kiran tumbin Sabuwar Sakatariya, saboda kullum ana ƙara gini kuma ba a taɓa cewa an gama ba. Shi kuwa suna ce masa Alhaji Sai-an-duba, don tun da aka ƙirƙiro jiha aka kawo shi daga Kano a matsayin Mataimakin Darakta, ba wanda ya taɓa jin ya ce i ko a'a.

Daraja irin wannan ba ta ɓoyuwa. Dagacin garinsu, can wajen Buji, ya aiko cewa bayan girbi za a naɗa shi Garkuwan Matasa. Sarauta ce sabuwa fil, dominsa aka ƙera ta. Matsala ɗaya ce tak: ranar naɗi dole ya zube gaban dagaci ya yi gaisuwa, sannan ya miƙe da ƙafafunsa, gari na kallo. Rabonsa da tashi daga ƙasa shi kaɗai tun mulkin soja. A zaman makokin ƙarshe da ya yi kuskuren zama a tabarma, ƙarti biyu ne suka ɗaga shi, na uku yana ba da umarni.

Ya je wajen Dakta Jemimah, likitar da ke duba shi. Ta matsa nan, ta ƙwanƙwasa can.

"Ranka ya daɗe, gwiwoyin lafiyarsu ƙalau," in ji ta. "Kaya ne ya yi musu yawa. Ka rage balangu, ka riƙa takawa daga gidanka na Yalwawa zuwa ofis."

Ya gwada, don kada a ce ba ya jin shawara. Yana kaiwa bakin titi motoci suka fara tsayawa ana roƙonsa ya shigo. Kafin azahar labari ya gama gari cewa an karɓe motar gwamnati, an sallame shi. Da la'asar matarsa Hajiya Talatu ta rasa inda za ta zaunar da 'yan jaje. Wata tsohuwa har da ƙwaryar gero ta zo.

"Ba ƙin tafiya nake ba," ya gaya wa ma'aikata washegari. "Amma ƙafar babban ma'aikaci ba tasa ba ce shi kaɗai. In ta taka ƙasa, martabar gwamnati ce ta taka."

Allah ya taimake shi, a wani taron ƙara wa juna sani a Ikko ya taɓa sayo kaset uku na bidiyo, saboda kwalayensu sun dace da labulen falonsa. Ɗaya yoga, motsa jikin Indiyawa. Ɗaya taici, na mutanen Sin. Ɗaya pilatis, na Turawa. Ƙaramin mutum zai saka ɗaya ya fara. Alhaji Muntaka kwamiti ya kafa. Shi ne shugaba, shi ne kuma mai ba shugaba shawara. Sakatare shi ne Reuben, jami'in tsare-tsare, mutumin Filato, magidanci mai ɗan tumbinsa daidai matakin albashinsa. Kafin zaman farko aka ɗinka wa shugaba rigar wasanni mai aiki a wuya, don kada a ɗauke shi ɗan ƙwallo.

Da yoga aka fara. Shekarar da shari'a ta zo ce, kuma matar da ke cikin kaset ɗin ta yi shigar da ba za ta shiga rahoton kwamiti ba. Alhaji ya sa aka lulluɓe talabijin da tawul, aka bi murya kawai. Murya ta ce a ɗora ƙafar dama a kan cinyar hagu. Alhaji ya dubi ƙafar dama, ya dubi inda yake zaton cinyar hagu take, ya ce a ɗage wannan batu zuwa zama na gaba. Amma a ƙarshen kaset akwai darasin da ake kwanciya rigingine, a rufe ido, a saki jiki. Nan baiwarsa ta bayyana. Ya yi shi tun hantsi har azahar, da sauti.

"Yoga kam na gama da shi," ya ce da ya farka. "Abin da Ba'indiye ke shekaru yana koyo, na kwashe shi a zama ɗaya. Sai dai bai kai ya gwada mutum irina ba."

Na pilatis namiji ne ke koyarwa, don haka aka yaye tawul. Kwanciya ake yi a ƙasa, a ɗaga ƙafafu sama ana wutsil-wutsil har ciki ya ɗauki zafi. Alhaji ya kalla, ya gyaɗa kai, ya yarda wannan shi ne ainihin maganin gwiwa da tumbi. Sai dai bai kamata na ƙasa ya ga tafin ƙafar na sama ba. Ya shiga nazari. Ya tuna cewa a watan nan kaɗai ya halarci ɗaurin aure da yawa, da buɗe rijiyar burtsatse, da taron iyayen yara, duk bai motsa daga kujerarsa ba, kuma ko'ina an gode masa a lasifika. Wakili yake turawa. In wakili zai iya shaida ɗaurin aure a madadin mutum, me zai hana shi ɗaga ƙafa?

"Reuben, daga gobe kai za ka wakilce ni a pilatis."

"Yallaɓai, ni in yi, kai ka samu ƙarfin?"

"Da ka je ɗaurin auren Kiyawa, wa aka yi wa godiya?"

"Kai, Yallaɓai."

"To."

Kowace safiya Reuben zai kwanta a dardumar ofis, ƙafafu a sama, Alhaji yana sa ido daga kujera da shayi da ƙosai. Shugaba ne mai tsanani. "Ƙara ɗagawa," yakan ce, "ban ji komai ba tukuna." In an gama sai ya goge goshinsa da hankici.

Taici kuwa ya riƙe wa kansa. A tsaye ake yi, a hankali, kuma yana yiwuwa da babbar riga. Ya cire wuraren da ake lanƙwasa gwiwa, don a ganinsa ƙari ne kawai, ya bar na hannu: a tura iska gaba, a kawar da ita gefe. Ya ƙware nan da nan, don da wannan hannun ya daɗe yana kawar da fayil. Wata safiya yana yi a barandar ofis, wani ɗan fansho da ya taso tun daga ƙauye ya hango hannun daga bakin ƙofa, ya fahimta, ya juya sai gobe.

Hajiya Talatu ce kaɗai ta rasa imani.

"Alhaji, ko sau ɗaya ka gwada durƙusawa a ɗaka, in tashin ya ƙi mu ja ka ba mai gani."

"Hajiya, ba a gwada abin da kwamiti ya riga ya tabbatar. Ki dubi Reuben mana."

Gaskiya ne. Tumbin Reuben ya tafi, wandonsa ya soma neman sulluɓewa, matakalar bene da gudu yake hawa. Alhaji yana kallonsa da alfahari, irin kallon da mutum ke yi wa madubi.

Ranar naɗi ƙofar gidan dagaci ta cika. Aka naɗa rawani, aka buga tambari, aka kira Garkuwan Matasa ya yi gaisuwa. Zubewar ta yi kyau. Tsofaffin garin sun ce ba su taɓa ganin mai sauri kamarta ba, har ƙasa sai da ta amsa. Ya yi gaisuwa, fadawa suka karɓa. Saura miƙewa.

Ya tura iska gaba. Ya kawar da ita gefe. Iska ta kauce, Alhaji yana nan.

Fadawa suka sake karɓar gaisuwa, don rufin asiri. Maroƙi ya shiga yabon ladabinsa, ya ce ga wanda ya zube ya ƙi tashi saboda biyayya, ya yi ta yi har yabo ya ƙare masa. Alhaji ya koma ga yoga: ya rufe ido, ya saki jiki. Dagaci ya yi gyaran murya.

"Reuben," in ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin rawani.

Reuben ya ratso taro, ya zura hannu a hammatar maigidansa, ya ɗaga shi cak shi kaɗai, ya dire shi a tsaye, har da gyara masa riga. Mata suka rangaɗa guɗa. Matasa suka yanyame Reuben, suna taɓa damtsensa, suna tambayar a wane gari yake dambe.

Ran Litinin Alhaji ya tara ma'aikata ya bayyana sakamakon kwamiti.

"Da, mutum biyu ke ɗaga ni. Yanzu ɗaya ne. An samu sauƙin rabi cur. Pilatis ne ya yi nasara, kuma zan ci gaba da shi ba kama hannun yaro. Reuben, kwanta."

A garinsu kuwa sarautar ta zauna daram. Har yau in matasa suka ce Garkuwa, Reuben suke nufi. Alhaji Muntaka kuma suna ce masa Kayan Garkuwa.